Yadda ake magance tsalle-tsallen mota bayan an rage mata tsayi

Motar da aka rage wa tsayi akwai ta da kyan gani, wannan ba mai musu. Accord ko Camry ta kwanta a kan tayoyinta, ratar da ke tsakanin taya da madigadi ta ɓace, kowa na waige idan ta wuce Ahmadu Bello Way da yamma. Sai an bar cikin Birnin Kebbi an miƙi hanyar Jega ko ta Argungu labari ke sauyawa: a taka ɗan tudu guda, mota ta yi ta sama da ƙasa sau uku ko huɗu kafin ta natsu, kan na kujerar baya yana taɓa rufi, sitiyari ya yi sakayau a hannu. Da yawa daga nan shagon kayan gyara suke wucewa su sayi sabon shok irin wanda suka cire, bayan 'yan watanni matsalar ta dawo. Kuɗin ya tafi ne saboda ba a auna komai ba kafin saye.

Sifirin ne ke ɗauke da nauyin mota. Aikin shok shi ne ya hana sifirin ci gaba da lilo bayan ya matse ya sake; sifirin doki ne, shok linzaminsa, kuma kamfanin da ya ƙera motar ya yanka linzamin daidai ƙarfin dokin. Wanda ya sauke mota ya taɓa abu biyu lokaci guda: ya sa sifirin da ya fi na asali tauri, ya kuma cinye wani ɓangare na tazarar da ƙafa ke da ita ta hawa sama kafin ta kai maƙura. Tsalle daga ɗayan biyun nan yake fitowa, ko daga dukansu, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Fara da gane irin tsallen

Zaɓi hanya ɗaya da ka sani, wadda take da tudun rage gudu, da wurin da kwalta ta yi hawa da gangara, da ɗan gargada. A kanta za ka yi duk gwajin da zai biyo baya, da gudu iri ɗaya, da kaya iri ɗaya. Kada ka gwada yau kai kaɗai, gobe da mutum huɗu da buhun shinkafa a but, sannan ka ce gyara ya yi ko bai yi ba.

Idan motar tana lilo a hankali, ta nutse ta taso ta sake nutsewa, ta ci gaba ko bayan an wuce tudun, shok ne ya kasa riƙe sifirin. Idan kuwa duka ne gajere mai kaifi, ka ji shi a ƙugu da haƙora, motar ta wuntsila sama nan take, to ƙafa ce ke kai maƙura tana dukan robar tsayawa, wadda makanikai ke kira bom-sitof. Akwai na uku: karkarwa ƙanana ba tsayawa ko a kwalta mai kyau. Wannan yawanci iskar taya ce, ko shok ɗin da aka saita da tauri fiye da kima. Lura kuma ko daga gaba abin yake zuwa ko daga baya. Sa wani ya zauna baya ya faɗa maka, don direba ba ya jin rabin abin da bayan mota ke yi.

Gwajin danna mota da hannu yana da amfani kaɗan: ka danna kusurwa ɗaya da ƙarfinka ka saki, ta taso ta tsaya. In ta yi lilo fiye da sau ɗaya da rabi, shok ɗin ya mutu. Amma mota mai sifirin mai tauri ba ta dannuwa sosai, tana iya cin wannan jarrabawa alhali a hanya ba ta da riƙo ko kaɗan.

Iskar taya, kafin a taɓa sifana

Wannan ne mafi arha, shi ne kuma aka fi tsallakewa. Buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai takardar da ke nuna awon iskar da kamfani ya yanka. A ƙananan motoci irin Corolla, Camry da Accord yawanci tsakanin 30 ne da 33. Masu faci da yawa 40 ko 45 suke bugawa, wani ma da dukan taya da sifana yake aunawa. Sayi ma'aunin aljihu naka, ka auna da safe kafin mota ta motsa. Zafin watan Afrilu a Kebbi yana haura digiri 40, kwalta ta fi haka, kuma iskar taya tana ƙaruwa da zafi; wanda ya buga 42 da safe, kafin ya kai Koko ta haura haka.

Duba girman tayar ma. Camry ɗin 2007 zuwa 2011 da yawa da 215/60R16 suka zo, wato gefen tayar milimita 129 ne. In an canza zuwa rim 18 da taya 225/40, gefen ya koma milimita 90. Kusan santimita huɗu na robar da ke shanye duka ya tafi, kuma babu shok ɗin da zai dawo da shi. Rim ɗin da rami ya lanƙwasa ko tayar da ta yi ƙulu su ma suna kawo tsalle mai bin gudun mota. A ɗaga a juya da hannu a gani, a yi balansin.

Da me aka sauke motar?

Nan ne ya kamata a yi tambaya ba kunya, musamman idan a sauke ka sayi motar. Wasu 'yan Kwatano ma a haka suke isowa, mai su na farko a Amurka ya riga ya taɓa su. Ka ce wa bakanike: "Maigida, don Allah ɗaga ta mu ga sifirin ɗin da idonmu." In ya ce, "Ai Alhaji lafiyarsa ƙalau," ka ce ka yarda, amma dai a ɗaga.

Hanya uku ake bi. Ta farko yanka sifirin na asali da injin yankan ƙarfe. Ta biyu gasa shi da wutar mai walda har ya zauna. Ta uku sayen sifirin da aka ƙera don saukewa, irin na Eibach ko H&R ko Tein, ko cikakken koyiloba, wato shok da sifirin a haɗe, mai zare a jiki da ake hawa da saukewa.

Gasasshen sifirin ba shi da gyara. Wuta ta kashe taurin da aka ba ƙarfen a masana'anta, zai ci gaba da zama, kowane gefe da nasa tsayin, wata rana kuma ya karye ana cikin tafiya. Za ka gane shi da ƙonewar fenti da zobban da suka manne da juna a wuri ɗaya. A cire a jefar.

Yankakke yana da nasa lissafin. Taurin sifirin yana ƙaruwa ne idan zobban da ke aiki suka ragu: mai zobe goma da aka cire wa ɗaya ya ƙara tauri da kusan kashi 11 cikin ɗari. Wannan ƙarin bai kai ya biya tazarar da aka rasa ba, shi ya sa yankakken sifirin kusan kullum kan bom-sitof yake zaune. Ga kuma haɗari: idan an ɗaga mota ƙafa ta rataya, kama sifirin ka girgiza. In yana motsi a mazauninsa, to duk ranar da mota ta yi tsalle a kan tudu yana iya zamewa. Ra'ayina shi ne duk wanda ya samu yankakke ya daina kashe kuɗi a kan shok, ya fara da sifirin: ko ya koma na asali, ko ya sayi na saukewa na gaskiya. Irin waɗannan yawanci santimita biyu da rabi zuwa huɗu suke sauke mota, kuma a hanyoyinmu ƙaramin adadin ya fi dacewa da mai zuwa Yauri ko Zuru ko Kamba a kai a kai.

Auna tazarar da ta rage

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma bai wuce kuɗin kebul-tai huɗu ba, wato igiyar robar nan mai haƙora da masu wayarin ke ɗaure waya da ita.

Ajiye mota a daɓe mai daidai. Auna daga tsakiyar rim zuwa bakin madigadi a kowace ƙafa ka rubuta. Daga tsakiyar rim ake aunawa ba daga ƙasa ba, don kada iskar taya ta shiga lissafi. Bambancin hagu da dama in ya wuce santimita ɗaya, akwai sifirin da ya gaji ko bai zauna daidai ba.

Sai a ɗaga motar, a kafa mata jakin ƙarfe, wato madogarar ƙarfe da mota ke zama a kai. Kada kowa ya sa kai ko hannu ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kuma bulon siminti ba madogara ba ne, fashewa yake ba sallama. Ja robar kare ƙura sama, ka ɗaura kebul-tai a jikin sandar shok mai ƙyalli, ka tura shi ƙasa har ya taɓa bakin shok ɗin. Sauke motar a hankali, tura ta gaba da baya kaɗan ta zauna, sannan ka sake ɗagawa ka duba inda igiyar ta tsaya. Nan ne mazaunin motar idan tana tsaye. Tazarar da ke tsakanin igiyar da bom-sitof ita ce duk abin da ƙafa ke da shi kafin ta fara duka. In igiyar ta riga ta shige cikin robar tun mota na tsaye, ba sai an je ko'ina ba, an kama ɓarawon.

In akwai sauran tazara, mayar da igiyar ƙasa ka bi hanyar gwajinka, ka dawo ka duba. Igiyar da ta nutse cikin roba ko ta tsinke tana gaya maka ƙafa na kai maƙura. Wadda ta tsaya da sauran wuri alhali mota na lilo tana gaya maka laifin shok ne.

Abu biyu a kula. Motocin zamani da yawa suna da doguwar bom-sitof ta soso mai launin ruwan ɗorawa wadda aka yi ta don ta riƙa taɓawa kaɗan-kaɗan, tana taya sifirin aiki, don haka taɓa bakinta mai laushi ba laifi ba ne. Laifin shi ne zama a kanta. Na biyu, a mota mai hannu biyu sama da ƙasa a gaba, irin Accord ɗin 2003 zuwa 2007, taya tana motsi fiye da yadda shok ke motsi, santimita ɗaya a sanda na nufin fiye da santimita ɗaya a taya. A Camry da gaban Corolla da Golf 3 kusan ɗaya suke.

Gyaran bom-sitof

In ta ruɓe ta zama gari, abin da zafi da ƙura ke yi mata, a sa sabuwa. In lafiyarta lau amma ta yi tsawo, ana rage ta. Sifirin saukewa na kamfani yakan zo da takardar da ta faɗi nawa za a yanke da kuma ta wane gefe. A bi ta. In babu takarda, a bar bakin mai laushi da ke fara taɓawa, a rage daga gefen mai tauri, kaɗan-kaɗan, zobe ɗaya a lokaci guda, a tabbata abin da ya rage yana zama a gurbinsa.

Kada a cire ta gaba ɗaya, ko bakanike ya ce ba ta da amfani. Ita ce ke hana fistin ɗin cikin shok dukan gindinsa, kuma duka ɗaya mai kyau a rami ya isa ya fasa bawul ɗin ciki. Hanyar tabbatarwa ita ce a haɗa ƙafar ba tare da sifirin ba, a sa taya, a ɗaga hannun ƙasa da jak har robar ta matse, a duba ko taya na taɓa madigadi, ko hannun sama na dukan jikin mota, a juya sitiyari hagu da dama. Aiki ne mai cin lokaci, makanikai ba sa son sa, amma ka biya kuɗin lokacin.

Cire sifirin daga shok kuwa sai da abin matse shi. Na san akwai masu taka shi da ƙafa su kwance notin sama. Ƙarfin da ke cikin matsattsen sifirin ya isa ya karya muƙamuƙi. Ka matsa nesa in ka ga za a yi haka, ko ka ɗauki motarka.

Shok ɗin da ya dace

Da shok a hannu, duba ko mai ya jiƙa jikinsa, ko sanda ta yi tabo ko ta lanƙwashe. Tsayar da shi a miƙe ka danna ka ja sau da yawa. Ya kamata ka ji riƙo daga farko har ƙarshe ba wurin da ya zame, jawowa kuma ta fi dannawa wuya. Mai gas sandarsa da kanta take dawowa. Wannan gwaji matacce kawai yake tonawa, ba ya shaidar cewa mai rai zai iya da sifirin mai tauri. A hanya ma akwai alama: bayan tafiya a gargada, shok mai aiki yana yin ɗumi, wanda ya mutu yana nan da sanyinsa. A yi hattara da birki da salansa wajen taɓawa.

Shok irin na asali, ko da sabo ne na gaske kamar KYB Excel-G, an yi shi ne don tsayin asali da sifirin na asali. Yana iya jure saukewa kaɗan, amma idan an wuce haka zai riƙa aiki kusa da gindinsa, ya yi zafi, man ciki ya tsinke, riƙo ya ragu. Shi ya sa wata motar da safe lafiya lau, amma bayan tafiyar awa biyu da rana sai ta fara lilo. Akwai waɗanda aka yi musamman don wannan aiki: Bilstein B8 gajere ne, don sifirin saukewa aka ƙera shi, Koni Sport mai launin ɗorawa kuma ana iya saita ƙarfinsa. Ba kowace mota ake yi wa su ba, kuma da wuya ka same su a kan kanta a Birnin Kebbi. Sai an yi oda ta hannun dillalan Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas, ko daga waje. Ba da lambar shasi da shekarar mota, ka kuma nemi hoton lambar da ke jikin kayan kafin ka tura kuɗi, don jabu sun yi yawa.

Beljiyam ɗin shok caca ce, ba wanda ya san tafiyar da ya yi. Wanda aka huda aka ɗura wa mai aka toshe kuwa, makonni kaɗan yake yi, huda mai gas kuma haɗari ne ga mai hudawar. A canza biyu-biyu, hagu da dama tare. A duba fad ɗin sama da ke haɗa kan shok da jikin mota, a sa sabuwar robar kare ƙura, don ƙurar hunturu tana cin sil ɗin sanda.

In koyiloba ce

Kuskuren da aka fi yi shi ne da an ji tsalle sai a murɗa saitin zuwa laushi. In lilo ne, ƙarin riƙo yake so ba ragi ba. Murɗa maɓallin har ƙarshen tauri ba da ƙarfi ba, sannan ka dawo kana ƙirga ƙas-ƙas ɗin har tsakiya. Irin BC Racing BR mataki 30 gare shi, ka tsaya wajen 15. Bi hanyar gwaji. Lilo, ƙara tauri mataki biyu. Karkarwa da jin kamar mota na ƙara nutsewa a gargada, rage biyu. Gaba daban, baya daban, abu ɗaya a kowane zagaye, hagu da dama kullum daidai, kuma ka riƙa rubutawa.

Duba yadda aka sauke ta. Mai zare a gindi, ta gindin ake rage tsayi, a bar sifirin da ɗan matsi na milimita kaɗan yadda ba zai yi motsi ba. Wanda ya sauke ta wajen sassauta zoben sifirin ya cinye tazarar shok a banza. In ka duba duk wannan igiyar gwaji na ci gaba da nutsewa cikin roba, ɗaga motar santimita ɗaya. Ido ba ya ganin santimita ɗaya, amma ƙugu yana ji.

Bushin, lin, da saitin ƙafa

Bushin ɗin roba na hannuwan ƙafa murɗewa yake yi, ba juyawa ba. In an ɗaure notinsa mota na rataye a jak, ko an bar shi a ɗaurin tsohon tsayi, zai zauna a murɗe, ya riƙa ja kamar ƙarin sifirin, ya kuma yage da wuri. A sassauta notocin, a sauke mota ta zauna da nauyinta a kan ramin gareji, a girgiza ta, sannan a ɗaure. Lin ɗin sitabilaiza, wato ɗan ƙarfen da ke haɗa ƙafa da sandar hana mota kwanciya a kwana, shi ma a duba: in saukewa ta karkatar da sandar ko lin ɗin na taɓa shaf, a nemi gajere ko mai saiti.

Bayan an gama, a yi 'yan kwanaki ana hawa sifirin ya zauna, a sake auna tsayin ƙafafu huɗu, sannan a je alaimen na kwamfuta. Saukewa tana kwantar da kan taya ciki, tana kuma sauya yadda bakin tayoyin ke fuskantar juna, abin da ke cinye taya ta ciki ba ka sani ba sai waya ta fito. In na'ura ta nuna kwanciyar ta wuce abin da za a iya saitawa, akwai noti da hannu na musamman da ake sawa. A daidaita fitilun gaba ma, don in baya ya fi gaba sauka haskenka idon masu tahowa yake shiga.

Gwajin ƙarshe a yi shi da irin kayan da motar ke ɗauka a zahiri. In ranar Juma'a iyali kake kwasa zuwa Gwandu ko Kalgo, sa mutum uku a baya da kaya a but, mayar da kebul-tai ƙasa, ka bi hanyar. In igiyar baya ta nutse, bayan na buƙatar ƙarin tsayi ko sifirin da ya fi wannan ƙarfi. Leƙa ƙasan motar kuma ka duba sam ɗin baƙin mai da salansa ko akwai sabon karce. In akwai, kafin damina ta buɗe ramuka a sa farantin kariya a ƙarƙashin injin, tudun rage gudu kuma a riƙa hawansa a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya.